Motsi Ya Fi Laɓewa: Nazarin Fara Motsa Jiki Mai Sauƙi ga Masu Daɗaɗɗen Ciwon Huhu, da Misali Daga Yoga

Tsakure

Mai fama da daɗaɗɗen ciwon huhu yakan ji tsoron motsi, domin duk sa'ad da ya motsa sai haki ya taso masa. Dangi ma, saboda tausayi, sukan ɗauke masa kowane aiki su ce ya kwanta ya huta. Binciken likitanci kuwa ya tabbatar da cewa hutun da ba shi da iyaka ƙara ta'azzara hakin yake yi. Wannan maƙala ta duba yadda irin wannan majinyaci zai fara motsa jiki mai sauƙi, ta kuma ɗauki yoga a matsayin misali. An bayyana asalin yoga, da abin da bincike ya tabbatar game da amfaninta, da matakan farawa, da sassan da ya kamata a ƙaurace wa. An kuma nuna cewa kalmomin fuka da haki da motsa jiki suna ɗauke da ma'anonin da kan karkatar da saƙon likita kafin ya isa kunnen majinyaci, sannan aka ba da shawarar kalmomin da za su rage wannan ruɗani.

Fitilun Kalmomi: huhu, haki, fuka, yoga, motsa jiki, numfashi

1.0 Gabatarwa

A tunanin Bahaushe, jinya da kwanciya tare suke tafiya. Wanda ba shi da lafiya shimfiɗa ake yi masa, a kai masa ruwan alwala har inda yake, masu dubiya su zo su tarar da shi a kwance. Wannan ɗabi'a ta dace da cututtukan da kan zo su wuce, kamar zazzaɓi ko rauni. Sai dai akwai cututtukan da ba sa wucewa, waɗanda mutum zai rayu da su shekaru masu yawa, kuma cututtukan huhu masu daɗewa suna cikinsu. Idan aka yi wa mai irin wannan ciwo jinyar kwanciya, to an ɗora shi a kan hanyar da ƙarshenta shi ne ya kasa ko da fita ƙofar gida.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da COPD, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.23 a shekarar 2019. A wannan shekarar kuma kimanin mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a duniya. A ƙasashe masu arziki taba sigari ce babbar sanadin toshewar hanyoyin numfashi. A ƙasashe masu tasowa kuwa hayaƙin itace da gawayi a wurin girki yana da kaso mai tsoka. Saboda haka tsohuwar da ba ta taɓa riƙe karan sigari ba, amma ta shafe shekara 40 tana hura murhu, tana iya kamuwa da ita.

Maƙalar ta dogara ne a kan bayanan likitanci da aka tabbatar, da kuma duba yadda ake amfani da kalmomin da suka shafi numfashi a Hausar yau da kullum. Ba ta maye gurbin ganin likita ba.

2.0 Matsalar Suna

Kafin a ce wa majinyaci ya motsa ko kada ya motsa, tilas a san ciwon da ke damunsa. A nan ne harshe ya fara kawo cikas. Kafafen yaɗa labarai na Hausa suna amfani da tarin fuka a matsayin sunan tibi, cutar da ƙwayar cuta ke haddasawa, mai yaɗuwa, wadda kuma ake warkewa daga gare ta da maganin wata 6. A bakin mutane da yawa kuwa fuka na nufin asma, wadda ba ta yaɗuwa, kuma lallaɓa ta ake yi tsawon rai. Ita kuwa cutar toshewar hanyoyin numfashi ba ta da tsayayyen suna a Hausa. Wasu sukan ce asmar tsufa, wasu su ce sanyi ne ya kama ƙirji, wasu kuma su bar ta a tarin tsofaffi kawai.

Bambancin yana da tasiri a aikace. Wanda ya yi mako 2 ko fiye yana tari, musamman in akwai rama da gumin dare ko jini a kaki, gwajin tibi ya kamata ya fara yi, kuma a Nijeriya gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Mai asma yakan sami lafiya lau tsakanin tashin ciwo da tashin ciwo. Mai toshewar hanyoyin numfashi kuwa hakinsa na kullum ne, kuma a hankali yake ƙaruwa. Ana tabbatar da ita ta gwajin busa iska cikin na'ura, inda ake auna yawan iskar da mutum zai iya fitarwa a daƙiƙa ta farko a kwatanta da dukkan abin da ya fitar. Idan bai kai kashi 70 cikin 100 ba bayan an ba shi maganin buɗe hanyoyin iska, to akwai toshewa. Akwai kuma rukuni na huɗu da ba a cika kula da su ba, wato waɗanda suka warke daga tibi amma ta bar musu tabo a huhu.

3.0 Da'irar Haki da Zama

Mai toshewar hanyoyin numfashi ya fi shan wahala wajen fitar da iska fiye da shaƙar ta. Ƙananan hanyoyin iska sun ƙuntata, sukan kuma rufe tun kafin iskar ta gama fita, sai ragowar ta maƙale a huhu. Idan ya yi sauri, numfashinsa ma sai ya yi sauri, lokacin fitar da iska ya ragu, abin da ya maƙale ya ƙaru. Shi ya sa yakan ji ƙirjinsa ya cika amma iska ba ta ishe shi ba. Tsoro kuma ƙara saurin numfashin yake yi.

Daga nan da'irar take farawa. Majinyaci ya ji haki a hanyar masallaci, sai ya koma salla a gida. Ƙafafun da ba sa tafiya tsokarsu takan yi rauni. Tsoka mai rauni tana saurin gajiya, tana kuma tilasta wa huhu ƙarin aiki a kan ɗan abin da ta yi. Bayan 'yan watanni, zuwa banɗaki ma sai ya sa shi haki. Shi da danginsa za su ɗauka huhun ne ya ƙara lalacewa, alhali kaso mai yawa na wannan koma-baya daga ƙafafu ya fito.

Wannan shi ne dalilin da ya sa motsa jiki ke da amfani. Ba ya mayar da huhun da ya lalace sabo. Abin da yake yi shi ne ya horar da tsoka ta yi aiki da ƙarancin iska, ya kuma koya wa majinyaci cewa haki na ɗan lokaci ba ajali ba ne. A shekarar 2015 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken likitanci, ta haɗa gwaje-gwaje 65 da suka ƙunshi mutum 3,822, ta gano cewa shirin farfaɗo da masu ciwon huhu, wanda motsa jiki ne ginshiƙinsa, yana rage haki da gajiya, yana kuma inganta rayuwa. Irin wannan shiri yakan ɗauki mako 6 zuwa 8.

4.0 Yoga: Asali da Matsayi

Yoga al'ada ce ta ƙasar Indiya. Kalmar ta samo asali daga wani tushe na harshen Sanskirit mai ma'anar haɗawa ko ɗaurewa. Shahararren littafin da ya tsara ta shi ne Yoga Sutra na Patanjali, wanda ya kasa ta gida 8. Biyu daga ciki ne suka shafi wannan nazari: asana, wato yanayin zama ko tsayuwar jiki, da pranayama, wato sarrafa numfashi. Ragowar sun shafi ɗabi'a da tattara hankali da manufofin ruhi. A ƙarni na 20 ne yoga ta bazu a Turai da Amurka a matsayin motsa jiki, ta hannun malamai irin su B.K.S. Iyengar, wanda ya shahara da amfani da kujera da matashi da ɗamara don tallafa wa marasa ƙarfi. A Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, a 2016 kuma UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam.

Tun da asalinta yana da alaƙa da addinin Hindu, tambayar halacci ba za ta rasa tasowa a tsakanin Musulmi ba. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin yoga saboda abubuwan ibada da ke cakuɗe da ita. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana nau'in da ke ɗauke da kirari da ibadar Hindu, amma ta bar wanda motsa jiki ne zalla. Wannan maƙala ba fagen fatawa ba ce. Abin lura kawai shi ne, sassan da ke amfanar mai ciwon huhu, wato sassauta numfashi da miƙar da gaɓoɓi da gyara zama, babu wani lafazi ko sujada ga wani abu a cikinsu, kuma likitocin gashin ƙashi suna koyar da makamantansu ba tare da sun ambaci yoga ba. Wanda sunan ya tsaya wa a rai yana iya ɗaukar aikin ya bar sunan.

Dangane da hujja kuwa, dole a yi adalci. Wani nazarin Cochrane na 2016 da ya tattara gwaje-gwaje 15 da mutum 1,048 masu asma ya nuna cewa yoga tana ɗan inganta rayuwa da rage alamomin ciwo, amma bai tabbatar da cewa tana ƙara ƙarfin huhu ba. Hujjar tafiya a ƙasa da ƙarfafa ƙafafu ta fi ta yoga ƙarfi. Don haka matsayin yoga shi ne ƙofar shiga ga wanda ya daɗe a zaune yana tsoron motsi. Ba ta maye gurbin tafiya, balle maganin shaƙa.

5.0 Matakan Farawa

5.1 Kafin a Fara

Matakin farko shi ne ganin likita, domin ciwon zuciya yakan raka ciwon huhu, kuma shi ma yana sa haki. A asibiti akan yi gwajin tafiyar minti 6, inda ake auna nisan da mutum zai iya yi a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, a riƙa duba iskar jininsa da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa. Idan oksijin yana sauka ƙasa da kashi 88 cikin 100 yayin tafiya, to akwai buƙatar tsari na musamman. Mai amfani da maganin shaƙa mai saurin aiki, irin salbutamol, ya ajiye shi kusa, ya kuma tambayi likita ko zai riƙa shaƙa minti 10 zuwa 15 kafin ya fara.

5.2 Numfashi

Darasin farko shi ne numfashin tsuke-baki. Mutum zai zauna ya saki kafaɗunsa, ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga 2 a zuci, sannan ya tsuke leɓɓansa kamar mai hura kunu mai zafi, ya fitar da ita a hankali yana ƙirga 4. Ba a turo iskar da ƙarfi. Tsuke bakin yana sa iskar ta ɗan danno baya, wannan dannawar ce ke hana ƙananan hanyoyi rufewa da wuri, sai iskar da ta maƙale ta sami hanya. Ya kamata a koye shi a lokacin natsuwa, minti 5 sau 2 ko 3 a rana, domin ya zama jiki kafin ranar da za a buƙace shi.

Na biyu shi ne numfashin ciki. Za a ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya, a shaƙa ta yadda hannun cibiya ne zai ɗaga. Yana taimakon wasu, amma waɗanda ciwonsu ya yi nisa wani lokaci ƙara musu wahala yake yi. Wanda ya ji haka ya bar shi ya riƙe na farko.

Na uku shi ne zaman farfaɗowa. Idan haki ya taso, a zauna a ɗan sunkuyo gaba, a ɗora damatsa a kan cinyoyi, ko a tsaya a dafa bango ko sanda, a ci gaba da numfashin tsuke-baki har ya lafa.

5.3 Motsi

A fara a kan kujera mai majingina, wadda tafin ƙafa zai taka ƙasa sosai. Kujera 'yar tsugunno ba ta dace ba, domin tana naɗe ciki ta danne ƙirji, tashi daga kanta kuma aiki ne. Ana iya bin wannan tsari:

(a) Juya kafaɗu baya a hankali, sau 5.
(b) Ɗaga hannuwa ta gefe zuwa daidai kafaɗa yayin shaƙa, a sauke su yayin fitarwa, sau 5.
(c) Dafa gwiwoyi, a banƙaro ƙirji yayin shaƙa, a lanƙwasa baya yayin fitarwa.
(d) Karkata zuwa dama da hagu don miƙar da haƙarƙari.
(e) Tashi tsaye daga kujera a koma a zauna, sau 3 zuwa 5, ana fitar da iska a lokacin tashi.
(f) Tsayuwa a miƙe ana dafe da majinginar kujera, a ɗaga dugadugai a sauke.

Ƙa'idar da ta game dukkansu ita ce a fitar da iska a wurin da aikin ya fi nauyi, kuma kada a riƙe numfashi. Minti 5 zuwa 10 sun isa a makon farko. A mako na biyu a haɗa da tafiya a tsakar gida, a riƙa ƙara minti 1 ko 2 duk bayan 'yan kwanaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 na matsakaicin motsi a mako, amma wannan zango ne da ake nufa, ba wurin da ake tashi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

5.4 Abin da Za a Ƙaurace Wa

Ba kowane sashe na yoga ne ya dace da mai ciwon huhu ba. Kapalabhati da bhastrika numfashi ne na sauri da ƙarfi, suna iya ƙara maƙalewar iska ko tayar da tari. Kumbhaka riƙe numfashi ne. Tsayuwa a kan ka da duk yanayin da kai zai koma ƙasa da ƙirji suna sa kayan ciki su danne huhu. Yogar ɗaki mai zafi, wadda ake yi a zafin da ya kai kimanin digiri 40, ita ma ba tasa ba ce. Kwanciya rigingine tana ƙara wa wasu haki, sai a tokare baya da matasai. Wannan gargaɗi ya zama dole domin mafi yawan masu farawa daga bidiyon YouTube za su koya, kuma mai bidiyon bai san huhun mai kallo ba.

6.0 Hakin Aiki da Hakin Ciwo

Likitoci suna amfani da ma'aunin Borg, daga 0 zuwa 10, don majinyaci ya kimanta hakinsa, kuma akan so mai farawa ya tsaya a wajen 3 zuwa 4. Wannan ma'auni yana da wuyar fahimta ga wanda bai saba da lambobi ba. Hausa kuma kalma ɗaya take da ita, haki, ga abin da ɗan kokawa ke yi bayan karawa da kuma abin da mai tashin asma ke yi. Idan ma'aikacin lafiya ya ce "in ka ji haki ka tsaya", majinyaci zai tsaya tun a taku na goma. In kuma ya ce "kada ka damu da haki", yana iya jefa shi cikin haɗari.

Don haka ake ba da shawarar a raba kalmar biyu. Hakin aiki shi ne wanda mutum zai iya amsa gaisuwa a cikinsa, ya ce "lafiya lau, sai godiya" ba tare da maganar ta yanke ba, kuma yakan lafa cikin 'yan mintuna in an huta. Wannan shi ake nema. Hakin ciwo shi ne wanda ba a iya haɗa kalma biyu a cikinsa, ko wanda ya ƙi lafawa bayan hutu da maganin shaƙa, ko ya zo da ciwon ƙirji, ko jiri, ko bugun zuciya marar tsari, ko leɓe ya yi duhu, ko jini a kaki. Wannan na asibiti ne nan take. Haka kuma ranar da aka tashi da zazzaɓi, ko majina ta ƙaru ta canza launi, ranar hutu ce da neman magani.

Ita ma kalmar motsa jiki tana da nata nauyin. Tana kawo hoton gudu da ƙwallo da ɗaga ƙarfe. Wasannin gargajiya ma, irin su dambe da kokawa da langa, na matasa ne masu jini a jika. Dattijo zai ga zubar da girma ne a ce masa ya yi motsa jiki. Miƙe gaɓoɓi, ko warware jiki, ko miƙe ƙafa, sun fi kusa da abin da ake nufi, kuma babu kunya a cikinsu.

7.0 Lokaci da Muhalli

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ta lulluɓe ƙasar Hausa. Iska mai sanyi da bushewa da ƙura tana tsuke hanyoyin numfashi. A wannan lokaci bai dace mai ciwon huhu ya fita miƙe ƙafa bayan asuba ba. Ya bari sai hantsi, ya yi a cikin ɗaki ranar da hazo ya yi yawa, in zai fita ya rufe hanci da takunkumi ko mayafi ko rawani. A bazara kuwa sanyin safiya ko la'asar sakaliya sun fi.

A cikin gida, a nisanci lokacin hura wuta, a yayyafa ruwa kafin shara, a kuma guji ɗakin da aka kunna turaren wuta ko maganin sauro. Wannan ya fi shafar mata, waɗanda su ne a bakin murhu, kuma da yawansu tsakar gida ce filinsu. Amfanin irin wannan motsi a gare su shi ne ba ya buƙatar fita ko kuɗi ko sutura ta musamman.

Auna ci gaba ma ya fi ma'ana idan aka yi shi da abin da majinyaci ya damu da shi: sau nawa yake tsayawa kafin ya isa masallaci, ko tana iya yin wanka ba tare da an kama ta ba, ko ya koma zaman majalisa a ƙofar gida.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kwanciyar da ake yi wa mai daɗaɗɗen ciwon huhu da sunan tausayi tana raunana shi, kuma motsi mai sauƙi da aka fara da izinin likita yana mayar masa da wani ɓangare na abin da ya rasa. Yoga tana da sassa masu amfani da sassa masu haɗari gare shi, kuma hujjar amfaninta matsakaiciya ce. An kuma ga cewa saƙon ba zai isa yadda ake so ba muddin fuka tana nufin cututtuka biyu, haki yana nufin yanayi biyu, cutar toshewar hanyoyin numfashi kuma ba ta da suna. Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa tare da likitoci: a tattara kalmomin da majinyata da kansu ke amfani da su a Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram, a daidaita su, a gwada su a asibiti da gidajen rediyo, domin dangin da ke cewa "kwanta ka huta" su san ranar da ya kamata su ce "taso mu miƙe ƙafa".